Fassarar Malam Sha'aban

Malam Sha'aban ne ya fara sauke wa baƙon gora a tsakar ka. Kafin mutumin ya kai ƙasa, manoman da ke dawowa daga gona sun rufe shi da ƙotar fartanya da duwatsu.

"Malam, me ya yi?" in ji Baba Mika'ilu mai unguwa, yana ratsa taron.

"Da kunnena na ji shi yana waya a bakin makaranta," Sha'aban ya amsa yana haki. "Cewa ya yi, 'I will shoot the children today.' Yaranmu zai harbe."

Babu wanda ya yi musu. Sha'aban ne malamin Turancin ƙauyen, ga labarin 'yan bindiga ya hana kowa sakat. Aka ci gaba da jibga har baƙon ya daina kare fuskarsa, jini yana bin kunyar gero.

Sha'aban ya fizge jakar mutumin ya zazzage don ya nuna musu bindigar. Sai kyamara ta faɗo. Nan take ya tuna kalmar nan 'shoot' har ɗaukar bidiyo tana nufi.

Baƙon ya buɗe ido ɗaya da ƙyar.

"Daga jami'a nake, ina bincike kan koyar da Turanci," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Don Allah ku kira mini Malam Sha'aban, zai fahimtar da ku. An ce duk yankin nan babu mai jin Turanci kamarsa. Darasinsa na zo ɗauka."