Lasifikokin Manjo Rotich

Ranar Asabar da yamma Nekesa ta tsayar da motar shago a ƙofar gidan Manjo Rotich a unguwar Langata. Ita ce ta ɗauki wayar Manjo da safe, ita kuma ta tuƙo. Ta gyara wa mijinta Makokha wuyan riga, ta dube shi ido cikin ido.

"Baban Naliaka, in ya fara faɗa, kar ka sunkuyar da kai. Ka dube shi."

Makokha ya ɗauki jakar aiki ya fita. A titin Luthuli, inda shagon yake, kowa ya san shi da Mai Kunne, don an ce yana shiga ɗaki ya faɗi inda sauti ke lalacewa tun waƙa ba ta yi nisa ba. Saboda wannan suna kaɗai uwar ɗakinsa, mai shagon kayan sautin, ke riƙe da shi. Jiya ta gaya masa ƙarara: in lasifikokin Manjo suka dawo, shi ma ya kwashe kayansa.

Ɗakin Manjo bai fi shagon aski ba. Lasifikoki biyu na baƙin katako, kowace ta kai kafaɗar mutum, an cusa su a kusurwoyi. Kujera ɗaya tilo, bayanta manne da bango.

Makokha ya tuɓe takalmi har da safa.

"Ladabi ke nan?" in ji Manjo. Tsohon soja ne mai ƙaton gashin baki, abin da Makokha bai so ba. "Ba ladabi na saya ba. Na ce su kawo manya, suka kawo mini tankokin yaƙi. Kiɗa na dukan ƙirjina, muryar mawaƙi ta ɓace. Ko sun fi ƙarfin ɗakin, ko sunanka ya fi ƙarfinka. Yau zan sani."

Ya juya wajen faifansa. Makokha ya zagayo da sauri ya tsaya a gabansa, kamar yana duba allurar faifan.

Faifai ya fara juyawa. Daɓe ya ɗauki rawa ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ya taka a hankali zuwa kusurwa, ya dafa bango, ya bi shi da tafin hannu har bayan kujera. A can rawar ta fi yawa. Shayin da aka ajiye masa kan teburi yana ta ɓari a cikin kofi.

Ya jawo lasifikokin daga kusurwoyi, ya ɗan karkato fuskokinsu. Ya toshe ramukan iska na bayansu da soso. Ya turo kujerar gaba. Shayin ya kwanta.

"Zauna, Yallaɓai."

"Kai ma zauna." Manjo ya jawo masa ɗan benci kusa da kujerar. "Mu 'yan ƙungiyar faifai ba ma sauraro da ido."

Ya ja labule mai kauri, ya kashe fitila.

Makokha bai ga ko hannunsa ba. Gumi ya keto masa a ƙeya. Ya danna ƙafafunsa a daɓe, ya riƙe gefen bencin. Rawar ta zo daidai, ba ta taruwa, ba ta tumbatsa, sai dai ta hagu ta ɗan fi nauyi.

Ɗumin numfashi ya taɓa masa kunci, da ƙamshin citta. Ya janye, ya sake dawowa, wannan karo kusa. Hannu ya girgiza masa kafaɗa. Makokha ya ɗaga yatsa ɗaya cikin duhu.

Daɓe ya tsaya cak. Fitila ta kama.

Fuskar Manjo a murtuke take. "Ina ta yi maka magana, ka mayar da ni bango?"

"Ba na magana in faifai na juyawa, Yallaɓai."

"To yanzu ya tsaya. Ba ni amsa."

A waje Nekesa na jira, a gida Naliaka na aji huɗu a sakandare. Makokha ya dubi gashin bakin, ya dubi idanun. Idanun suka kauce zuwa hagu, suka dawo.

"Ta hagu ce," ya ce.

"Ta hagu me?"

"Ta fi 'yar'uwarta kusa da bango. Kaurin sautinta na danne muryar."

Ya tashi ya rungumi lasifikar, ya matso da ita faɗin tafin hannu. Ya tsaya a tsakiya, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, ya ce a sake sa faifan. Da rawar ta zo daidai a ƙafafu biyun, ya koma gefe, inda zai ga fuskar Manjo. Ya tsaya jikin makunnin fitilar, kafaɗarsa ta rufe shi.

Manjo ya zauna ya lumshe ido. Can sai goshinsa ya saki. Yatsunsa suka fara bugun gwiwa. Leɓunansa suka motsa suna bin waƙar.

"Wannan muka yi rawa da ita ranar aurenmu," ya ce daga baya, yana goge ido da babban yatsa. "Ka ji yadda yake jan numfashi kafin amshi?"

"Manya suna zama a ƙaramin ɗaki, Yallaɓai, in an ba su wurin numfashi."

"Ka ce wa uwar ɗakinka suna nan. Ranar Lahadi zan kawo 'yan ƙungiya su ji."

Makokha ya sa takalmi ya fito. Karen gidan ya zaburo ta bayansa har sarƙa ta miƙe. Bai waiwaya ba. Ya shiga mota ya rufe ƙofa.

Nekesa ta taɓa masa gwiwa, ta jira ya juyo, sannan ta buɗe baki sosai tana magana a hankali.

"Sun zauna?"

"Sun zauna."

"Wace waƙa ya sa maka?"

"Ina zan sani, Maman Naliaka? Tun zazzaɓin bara ko tsawa ban ƙara ji ba."