Kalangun Malam Mainasara

Malam Mainasara ya sake murɗa maɓalli, na'urar kiɗan da ya harhaɗa ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar mage. Batiran ƙarshe ke nan, ga shi bana batir ya fi sukari wuyar samu a Bodinga.

"Malam, gero ya ƙare," in ji matarsa Atika. "Ka sai da akwatin ga. Wa za shi saurari kukan waya?"

"In na kaɗa yau ba wanda ya zo, gobe sai kasuwar Sakkwato."

Tun damina yake zare wannan waya yana cusa waccan, yana farautar wani kiɗan kalangu da ya maƙale masa a kunne tun yana yaro. Bai ma tuna inda ya ji shi ba. Ya jawo lasifika ƙofar gida, ya ƙara murɗawa kaɗan.

Sai ga kalangu tsaf, kamar fata da makaɗi!

Kafin ya ɗago kai unguwa ta cika. Magidanta, tsofaffi, har da masu gudu daga bayan masallaci. Ya waiga zaure yana murmushi. "Atika, kin gani?"

Wata tsohuwa ta kutso gaba tana haki. "Ɗana, mun ji kiɗin mahauta. Tun sallah ba a yi yanka garin ga ba. Ina naman?"

Sai lokacin ya lura kowa da kwano a hannu.