Mai Awo da Gyaran Tukunyar Gas

Tun da ka zauna kake mitar wanda ya hana ka abin da ka roƙa, ƙanena, kuma na ga ranka ya ɓaci da gaske. Sha ruwa tukuna, in ba ka misalin wani mai awo. Mutumin nan hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma duk layinsu an san shi da sakin hannu. In ya auna maka gero sai kwano ya yi tozo, sannan ya damƙo wani ya watsa maka a buhu, ya ce ga gyara. A wurinsa duk mai sayarwar da ba ya gyara marowaci ne, ko da limamin unguwa ne. Matarsa ta daɗe tana fama da hayaƙin itace, idanunta kullum jawur, ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai ya tausaya mata, ya sayo tukunyar gas, ya kai wurin wani dattijo mai ɗura gas a bakin titi. Dattijon ya juya tukunyar ya duba gindinta ko da tsatsa, ya ɗora ta a sikeli tun tana wayam, sannan ya fara ɗurawa. Allurar sikeli na kaiwa inda yake so ya rufe, ya shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar ya tsaya yana kallo ko za ta yi ƙwai, alamar gas na yoyo. Mai awo ya ɗaga tukunya ya jijjiga, ya ji abu yana kai da kawowa a ciki kamar ruwa a tulun da bai cika ba. Nan take ya haɗe rai, ya ce a cika masa, a kuma yi masa gyara kamar yadda ake yi tsakanin mutanen kirki. Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan kayan ba a yi masa gyara. In ya ji zafi kumbura yake yi, wurin da na bari na numfashinsa ne." Ya ƙara masa da cewa a ɗauke ta a tsaye, kada a bar ta a rana, kada a ajiye ta kusa da garwashi. Mai awo bai ko saurara ba, ya ɗaure tukunyarsa a babur ya tafi yana huci.

Kwana biyu ba shi da zance a kasuwa sai na tsohon da ya cuce shi ido na ganin ido. Abin ya ƙara ci masa rai da maƙwabcinsa, wani tela da katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ya kira shi ya ce ya ɗaga tasa tukunyar ya ji. Nauyi kamar dutse, ko ka jijjiga ba ka jin motsi. Wani mai ɗurawa ne a bayan tasha ya cika masa ita har wuya, da fara'a da komai. Mai awo ya rantse daga wannan ta ƙare can zai koma. To, lokacin bazara ne, irin zafin da kwanon rufi ke mayar da kicin tamkar tanda. Wata rana bayan azahar matar tela tana girki, tukunyar nan da aka cika har wuya ta rasa inda za ta numfasa, sai ta fara tsartuwa da wani farin tururi, ga kuma murhun gawayi a gefe ana dafa wake. Kafin matar ta kai ƙofa wuta ta tashi. Allah ya yi da sauran kwana, ta fita da ƙuna a hannu, amma kicin ya cinye ƙurmus har da buhunan abincinsu. Da labari ya kai masa, mai awo ya baro kasuwa a guje, takalmi ƙafa ɗaya, domin ya san a bayan wannan katangar matarsa take girki a daidai wannan lokacin. Ya tarar da ita a tsakar gida tana salati, lafiya lau. Ya leƙa kicin, katanga ta yi zafi har ba ta taɓuwa, tukunyarsa kuwa tana tsaye shiru, ko tsaki ba ta yi ba. A nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka, shi da bai taɓa kuka a gaban iyalinsa ba.

Da gari ya waye ya je ya duba matar tela, daga can ya zarce wurin dattijon, ya durƙusa yana godiya yana neman gafarar maganganun da ya yaɗa a kansa. Dattijon ma bai tuna fuskarsa ba. Ya ce masa Allah ne ya tsare, sannan ya tambaye shi wane irin tiyo ya sa wa tukunyar, da ya ji na ruwa ne ya ce maza a cire a sa na gas. Wannan karon mai awo bai ja ba, a ranar ya canza. Ni da nake ba ka labarin nan, duk sanda na tuna shi sai in gode wa Allah da ya bar mana irin waɗannan masu taurin kan, waɗanda za su yarda ka zage su a kasuwa da dai su ba ka abin da zai cutar da kai. Saboda haka ka sassauta wa mutumin naka, ka jira ka ga abin da Allah ya ɓoye a ciki. Hausawa sun ce wani hanin ga Allah baiwa ne.