Kabarin da Yaya Ya Nuna

"Wanne ne na Baba?" in ji ƙanin, suna tsaye a tsakiyar maƙabartar Tarauni.

Yayan ya dube shi sheƙeƙe. Wai masanin kimiyya! Shekara da shekaru yana Turai cikin wani rami a ƙarƙashin ƙasa, suna gwara ƙwayoyin zarra da juna, wai neman wani baƙin abu suke da ya cika sararin samaniya amma ido ba ya ganinsa. Ranar da Baba ya cika a Gyaɗi-Gyaɗi, cewa ya yi an kunna injin gwajin nasu, babu halin tahowa.

"Abin naku, kun gano shi?"

"Tukuna, Yaya. Mun dai san yana nan, don muna ganin yadda yake jan taurari."

"Madalla. To, ga Baba can."

Da gangan ya nuna masa kabarin wani bare. Ƙanin ya durƙusa yana hawaye, yana neman gafara. Yayan ya taɓe baki: abu ɗaya da mai binciken ya taɓa samowa a rayuwarsa, shi ma na bogi.

Sai ya juya don ya yi wa Baba sallama a ainihin makwancinsa, gindin darbejiya. Tun da aka kaɗa gangar siyasa yake yawon kamfen, bai sake leƙowa ba. An sare darbejiyar. Damina ta baje kaburburan, duk sun koma iri ɗaya.

Ya daɗe yana rarraba ido. Daga bisani ya dawo, ya durƙusa kusa da ƙaninsa.