Shafi na Arba'in da Bakwai

"Ki kawo mini shafin," in ji baƙon malamin da aka ɗauko daga wata jami'a don ya duba kundayen 'yan ajin ƙarshe. Ya danna yatsa a kan layi na tara cikin jerin manazartan kundin wata ɗaliba. "Hotonsa kawai nake so, ranar Alhamis. In babu, mu haɗu baɗi."

Ɗalibar ta ce to, ta fito. Ba ta taɓa ganin littafin da ke layin ba. To wa ya taɓa? A sashen nan gadon manazarta ake yi kamar tsohuwar katifa. Ka ɗauko kundin wanda ya gama bara, ka kwashe jerin ƙarshe har da ƙurarsa, ka manna a naka. Shi ma na baran haka ya yi wa na gabansa.

Jimla ɗaya tal kowa ke jawowa daga littafin, wadda ta ce sana'ar hannu makaranta ce da ba ta korar ɗalibi. Sai a buɗe baka, a sa sunan marubucin da shekara da shafi na arba'in da bakwai, a rufe, a yi gyatsa. Ita ma da ta yi bincike kan mata masu ɗinki haka ta yi.

Ga babanta, direban babbar mota, ya riga ya cika tasha da labarin ya haifi mai digiri. Ita ce ta farko a gidan da ta taka jami'a, har ƙannenta sun fara ce mata Dakta don tsiya.

Ranar Litinin ta juye laburare. Mai kula da littattafai ya duba kwamfuta, ya duba tsohon akwatin katuna, ya dube ta. Ya ce shekararsa goma sha takwas a kujerar nan, ita ce mutum ta farko da ta tambayi littafin. 'Yan ajinsu kuwa, su goma sha ɗaya da suka sa shi a jerinsu, kowa ya rantse ya karanta, sai dai nasa yana wurin wani ɗan uwa da ya yi tafiya.

Ranar Talata ta shiga ofishin Farfesa, shugaban sashe, ta rusuna.

"Wannan ai ni na shigo da shi sashen nan," ya ce yana juyi a kujera. "Yana cikin kundin digirina na uku, tun ba a yaye ki ba. Marubucin ma na san shi ido da ido."

"Ranka ya daɗe, ko za a ara mini na kwana ɗaya?"

"Ku ɗaliban yanzu komai sai an tauna muku. Bincike aka ce, 'yar nan. Je ki bincika."

Bayansa akwai kanta cike da littattafai, rabinsu ko ledarsu ba a ɓare ba.

Ranar Laraba da azahar ta haƙura. Ta nufi shagon buga takardu da ke bayan ƙofar makaranta, a cire layin a sake buga shafin, ko baƙon zai ji tausayi. Mai shagon dattijo ne da kowa ke kira Baba Mai Tafireta, ko da yake tafiretar ta daɗe a ƙarƙashin tebur, kwamfuta ta gaje ta. Aji huɗu ya yi a firamare, amma shekara talatin duk kundin sashen ta hannunsa yake bi, kuma ba ya karɓar aiki sai ya zagi mai shi.

Ya sa tabarau ya bi jerin da biro. "Nan waƙafi ne, ba aya ba. Wannan ina maɗaba'arsa? A kan bishiya aka buga shi? Shekara huɗu kuna zaman aji, ko jera sunaye bisa haruffa ya gagare ku."

"Baba, na taran nake so a cire."

Biron ya tsaya. "Me ya yi miki?"

Ta kwashe komai ta gaya masa, tun daga baƙon har Farfesa. Dattijon ya yi tsaki mai tsawo.

"Ido da ido ya ce?"

"Haka ya ce."

"To nan kam bai yi ƙarya ba." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ke ma ɓarauniya ce kamar sauran, amma ke kaɗai kika tashi kika nema, don haka ba ke za ki maimaita shekara ba. Bar layin a inda yake. Shafi dai ba za ki samu ba, amma gobe zan rufe shago in raka ki gaban baƙon."

"A matsayin wa, Baba?"

"A matsayin marubucin mana. Ranar da Farfesan naku ya kawo mini kundinsa da manazarta talatin da tara ya ce in cika masa arba'in, littafin da jimlar duk ni na ƙaga, na sa sunana na yanka."