Masana'antar da Aka Roƙa

Malam Zaharaddini ya tsaya a ƙofar sabuwar masana'antar taliya, matasan ƙauyensu na bayansa. Shi ya lallashi jama'a suka sayar da gonakin gado. Har saukar Alƙur'ani aka yi don kada kamfanin ya zaɓi ƙauyen tsallaken rafi.

"Hajiya, ga ma'aikata na kawo," ya ce wa Injiniya Falta, mai kula da masana'antar.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, injinan nan su ke sarrafa kansu. Fili kawai muke nema kusa da babban layin lantarki."

Washegari ya saɓa fartanya, matasan suka bi shi. Suka tsallaka rafi neman ƙwadago a gonakin mutanen da suka yi wa dariya.