Gurbin Kohei

Tomie ta ƙulle lemu biyu a ƙyalle, ta gyara gashinta, ta fito neman Sensei, wato malamin makarantar ɗanta. Ba a zuwa roƙo hannu rabbana.

Maganar ɗanta ce, Kohei. Makarantarsu ta tsaya masa, jami'a ta ba shi gurbin karatun likita ba tare da jarrabawa ba, bisa sharaɗi guda: kada makinsa ya sauka kafin ya gama ajin ƙarshe. Ana cikin murna ubansa ya yanke jiki ya faɗi a shagonsu na awara, bai tashi ba. Daga ranar yaron ya gaji aikin uban. Da asuba niƙan wake da tsoma hannu a ruwan sanyi, da rana gyangyaɗi a aji. Maki ya yi ta zubewa. Idan jami'a ta janye gurbin nan, Tomie ta san ba wanda ya jawo sai ita, da ta ƙi rufe shagon.

Abin ya hana ta sakat. Tana zaune shiru sai ta ji ƙugin injin niƙa a bayan bango, ta waiwaya, ba kowa. Yaron ma ya daina bari su haɗu. Ta yi ta ƙoƙarin tuna rabonta da ganin fuskarsa, abin ya gagara, tsoro ya kama ta. Kunya ce kawai, ta gaya wa kanta, halin ubansa ya ɗauko.

Barandar doguwa ce, a goge tas, tana warin maganin wanke ƙasa. Wata budurwa mai shuɗin kaya ta tare ta da murmushi.

"Kaka, yau ma?"

Kaka kuma? Yaran zamani ba su iya kallon mutum su san shekarunsa ba. Tomie ta haɗiye, ba faɗa ya kawo ta ba.

"Wurin Sensei zan je."

"Ga shi can ya fito. Bi a hankali."

Yana tafe cikin farar riga irin ta malaman kimiyya, furfura ta fara cin gefen kansa. Duk wanda ya gifta shi sai ya rusuna ya ce, "Sensei." Tomie ta miƙa ƙunshinta da hannu biyu, ta yi ƙasa za ta kai goshi ga daɓe. Kafin gwiwarta ta taɓa ƙasa ya tare ta, kamar dama ya san abin da za ta yi.

"Sensei, ku yi wa yaron nan rai," ta ce. "Ba malalaci ba ne. Ni na ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa."

"Na sani."

"Ku dubi hannuwansa, duk sun tsattsage saboda sanyi. Da wane hannun zai riƙe alƙalami?"

Sensei ya zura hannuwansa a aljihu.

"Zan rufe shagon, gobe-goben nan. Ku dai roƙi jami'ar kada su ƙwace masa."

"Ba sai kin rufe ba. Ba za su janye ba, na tabbatar miki."

Ta kafe shi da ido tana neman alamar ƙarya, ba ta gani ba. Hawaye suka zubo mata, shekara guda kamar ba ta yi numfashi ba sai yanzu.

"To ku gaya masa da bakinku. Ni ba ya zuwa inda nake."

Sensei ya sunkuyo kusa da ita.

"Yana zuwa," ya ce. "Kullum yana zuwa."

Budurwar ta kama hannunta suka juya. Ba su kai ƙarshen barandar ba Tomie ta tsaya cak, ta karkata kunne. Injin ya sake tashi a bayan bango. Yaron nan zai makara aji, makinsa zai sauka. Lallai gobe ta nemi Sensei.

Shi kuwa yana nan inda ta bar shi, marasa lafiya na jiransa a ciki. Da malami da likita duk Sensei ake ce musu, kuma da wannan sunan kaɗai take gane shi yanzu, tun da mantuwar tsufa ta kama ta. Likita Kohei, wanda ya fito daga jami'ar nan shekaru talatin da suka wuce, ya goge idonsa ya bi bayan uwarsa da kallo.